Ƙarfen da ke Ƙugun Byabato

Litinin, 5 ga Maris, 2018

Byabato ya dawo daga Bukoba fuska a murtuke. Ya je karɓar katin asibiti na tsofaffin sojoji, yarinyar da ke tebur ta buɗe takardunsa ta karanta da ƙarfi gaban kowa: "Rauni ba na fagen fama ba. Ya faɗo daga lori." Wai wani a layi ya ce, "Baba, direban ne ya taka birki?" Aka kwashe da dariya.

Ni ma na yi tawa, da ya zaga bayan gida. Shekara talatin da wani abu ina auren mutumin nan, ina shan labarin yaƙin da suka yi a fadamar Lukaya safe da yamma. Yadda ya miƙe tsaye da bindiga, yadda ya kayar da mutum uku kafin igwa ta same shi a ƙugu. In giyar ayabar ta yi ƙarfi su zama bakwai, har da ɗan Libiya mai gemu. Ni bayan yaƙi na san shi, da ɗingishinsa na same shi, ban taɓa tambayar kowa ba.

Ashe lori.

Laraba, 7 ga Maris

Bai taɓa ayabar da na dafa ba. Ya ce sai an gyara takardar. Na ce in an gyara ƙafar za ta miƙe ne? Ya ce, "Maman Kemi, layi ɗaya ne kawai." Shi da bakinsa ya ce ko sisi ba za a ƙara masa ba. Layi ɗaya! Rufin kicin yana yoyo tun bara, wannan bai hana shi barci ba.

Lahadi, 11 ga Maris

Bayan coci ƙungiyarsu ta tsofaffin sojoji ta sauka mana. Ishengoma ne shugaba, ya zo da kakinsa da lambobi suna ƙara a ƙirji kamar awaki masu ƙararrawa. Ni na buɗa masa wandon kakin nan a kekena, sau biyu, kuma yana neman na uku. Kowa ya san a ɗakin ajiya ya yi yaƙinsa, yana raba takalma.

Ya buga tebur: "Wannan cin mutuncin jarumai ne! Zan kai maganar har sama!" Saman da ya sani shi ne saman tukunyata. Suka cinye kifin da na ajiye na gobe, suka rera waƙar fareti da muryoyin da suka mutu, ɗayansu ya yi barci da baki buɗe.

Jarumai.

Talata, 10 ga Afrilu

Mwanza, gidan ’yarmu Kemi. Ofis ya ce sai hoton ƙashi daga babban asibiti, shi kuma ba ya iya hawa mota shi kaɗai, dole ni na bar ɗinkin mutane. Kemi sai lallaɓa shi take yi, "Baba sannu, Baba zauna nan." Ta ja ni kicin ta ce, "Mama, ki daina yi masa wannan kallon." Wane kallo? Idona ne.

Alhamis, 12 ga Afrilu

Likita ya ɗaga hoton a fitila. Farare-farare a warwatse cikin ƙugun, kamar an watsa tsakuwa. Ya ce, "Baba, ai kai akwatin maƙeri ne." Byabato ya juyo ya dube ni, baki har kunne.

A hanya na ce masa lori ma da ƙarfe ake yin ta. Bai sake magana ba har gida. Kemi ma ta daina yi min magana, ita da ubanta su ƙarata.

Litinin, 14 ga Mayu

Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ofis ya amsa: hoto bai isa ba, sai shaida mai rai wanda yake wurin. Ishengoma ya zauna a barandata yana lissafa mutane, wannan ya mutu, wancan ya mutu, wancan ya haukace kafin ya mutu. Sai ya ce, "Saura Rwiza, yana bakin tafki a Kemondo yana bandar kifi."

Byabato ya zabura kamar an taka shi. "Ban da Rwiza. A bar shi."

To! Mutumin da ya hana ni sakat wata biyu kan layi ɗaya, an samo masa shaida ya ce a bar shi. Ko yaro ya gane.

Asabar, 19 ga Mayu

Na ce wa Byabato zan je sayen yadi, na hau acaɓa zuwa Kemondo. In ƙarya ce gara ta fashe mu huta, in koma kekena.

Rwiza wani ƙanƙanin tsoho ne, hayaƙi ya cinye masa ido, ba lamba ba kaki. Bai ba ni wurin zama ba. Na faɗa masa abin da ke tafe da ni, yana juya kifi.

"Shi ya aiko ki?"

Na ce a'a, shi ma bai so a kira ka ba.

"Me yake gaya muku?"

Na ba shi labarin, har da mai gemun. Na zaci zai yi dariya. Ya tofar da yawu gefe ya ce, "A faɗa min rana." Ko kifi ɗaya bai ce in riƙe ba. Ɗan baƙin rowa.

Lahadi, 20 ga Mayu

Na gaya wa Byabato na je wurin Rwiza. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi. Ya ce kawai, "Kin kyauta," ya fita gonar ayaba ya yi ta saran ganyen da ba su bushe ba.

Talata, 17 ga Yuli

Yau ne ranar sauraron shaida a ofis. Bari in rubuta tun ban manta ba, ko da yake ban ga alamar zan manta ba.

Hafsoshi uku a bayan dogon tebur. Babban yana da furfura, na tsakiya yana hamma, ƙaramin ba zai girmi Kemi ba, yatsansa na kan waya tun shigarmu. Ishengoma ya tashi zai yi jawabi, aka ce masa ya zauna. Wannan kaɗai ya biya ni wahalar zuwa.

Ƙaramin ya ce, "Dattijo, sauke wando mu gani." A nan, gaban kowa, ƙofa a buɗe, mata biyu masu rubutu suna kallo. Byabato ya ce, "To, Afande," kamar kurtu a gaban hafsa, ya hau kwance bel. Na tashi na rufe ƙofar da ƙarfi har gilashi ya amsa. Na ce wa yaron ko ubansa haka ake tuɓe shi a kasuwa? Babban ya ce, "Mama, yi haƙuri," ya sa matan suka juya baya. Ba don Byabato na yi ba. Rashin tarbiyya ne ba na so.

Aka kira Rwiza, da warin kifinsa. Aka ce shin gaskiya ne wannan mutumin ya faɗo daga lori?

"Gaskiya ne."

Abin da na zo ji ke nan, ban san me ya sa bai yi min daɗi ba.

Rwiza ya ci gaba, murya ɗaya ba hawa ba sauka, kamar mai faɗin farashin gishiri. Lorin abinci ce, suna bin hanyar da ta ratsa fadama. Byabato na zaune kan buhun wake yana shan rake. Bai harba ko harsashi ɗaya ba, bindigarsa ma tana ƙarƙashin buhu. Igwa ta sauka a tsakiyar lorin. "Ya faɗo, Afande. Dukkanmu mun faɗo. Wasu a wuri ɗaya, wasu a wurare da yawa."

Na tsakiyan ya daina hamma.

Ya ce shi ya jawo Byabato da ƙafa daga cikin laka, Byabaton yana ihu yana kiran uwarsa, ya ɓata wandonsa. Ya ce wanda ke zaune kusa da Byabato, suna shan raken tare, wani yaro ne Protazi daga Kamachumu, tare suka shiga soja. "Protazi ba mu sami abin binnewa ba. Abin da muka wanke daga jikin mutumin nan a ranar, rabi ba nasa ba ne." Ya ce mai rubutu a asibitin baya ya tambayi masu ɗauko shi me ya faru, suka ce lori, ya rubuta lori. Mutane na mutuwa a ƙasa, wa ke da lokacin dogon bayani.

Babban ya tambayi Byabato ko yana da abin ƙarawa. Mutumin da ba a taɓa rufe masa baki kan Lukaya ba. Ya girgiza kai, yana riƙe da wandonsa da hannu biyu, ya manta bai ɗaura bel ba. Ni na ɗaura masa a waje.

Ban taɓa jin sunan Protazi ba. Ko sau ɗaya. Na haifa wa mutumin nan ’ya’ya huɗu.

Laraba, 18 ga Yuli

Ashe ni ce da gaskiya, bai kashe kowa ba. Ba wanda zan gaya wa.

Lahadi, 29 ga Yuli

Ishengoma ya zo da rundunarsa. Ya daki kafaɗar Byabato: "Jarumin rake! Ina ɗan Libiyan naka?" Sauran suka yi ta ƙyaƙyata. Byabato ya yi wani ɗan murmushi irin na mai bara.

Na shiga na ɗauko wandon kakin da Ishengoma ya kawo in buɗa masa, na jefa masa a cinya, na ce babu sauran yadin da zai zagaye wannan tumbin, ya kai wa masu ɗinkin tanti. Na ce mai raba takalma ya san girman ƙafa, ya tsaya nan. Sun tafi ba su ci komai ba. Kifina ya kwana.

Alhamis, 6 ga Satumba

Shiru daga ofis. Shiru a gida ma. Da ina roƙon Allah ya rufe masa baki, yanzu ya rufe, gidan ya zama kamar ɗakin jira na asibiti. Ya gyara rufin kicin ba wanda ya ce masa. A karkace, amma ya gyara.

Litinin, 22 ga Oktoba

Takarda ta zo. "Ya ji rauni a fagen fama sakamakon harbin igwa." Wata bakwai na wahala, abin da aka samu bai kai tsawon zaren da nake yarwa ba. Kemi ta yi ta kuka a waya, ita komai kuka. Shi ya karanta sau ɗaya ya ajiye kan rediyo, har na ɗora kofi a kai ban sani ba, bai ma ɗauke shi ba.

Juma'a, 26 ga Oktoba

Ina ɗinki ya zo ya tsaya a kaina. "Maman Kemi, Protazi yana da yaya. Yustina. An ce tana nan da rai." Na ce to sai me? Ya ce soja sun aika musu cewa ya ɓace, ba wanda ya taɓa zuwa. Ya ce ya sha kama hanya yana juyowa daga tasha.

Na ce ina da ɗinkin biki. Ya ce to.

Asabar, 10 ga Nuwamba

Kamachumu. Na je ne don in na bar shi shi kaɗai zai juyo daga tasha, a yi asarar kazar da muka riƙe.

Yustina tsohuwa ce tukuf, a kan ciyawar da aka shimfiɗa a ɗaki ta karɓe mu, ta miƙo mana busassun ’ya’yan kofi mu tauna, kamar yadda ake yi wa baƙo. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Byabato ya buɗe baki ya ce, "Ni da Protazi," sai muryar ta ƙi. Ya sake gwadawa, ta ƙi. Babban mai baki na unguwarmu. Tsohuwa tana ta kallonsa tana jira, kazar tana ta fisge-fisge a hannuna.

Ni na faɗa. Na ce tare suke a lori ɗaya, ƙaninta yana zaune yana shan rake, bai ma san abin da ya same shi ba. Sauran ban faɗa ba. Ta ce, "Rake. Tun yana yaro ake dukansa kan raken mutane." Ta yi dariya da bakinta mara haƙori, hawaye na bin kumatunta. Ta kama kan Byabato da hannu biyu ta riƙe, shi kuma ya saki kuka kamar maraƙi, a gidan mutane, gaban jikoki. Na fita na duba gonarsu. Ba su iya gyaran ayaba ba sam.

A motar dawowa barci ya kwashe shi tun kafin mu sauka daga tudu, kansa ya faɗo kafaɗata. Ya zubar min da yawu a sabon zanena. Hannuna ya mutu tun daga Muhutwe, ga kai kamar dutse.

Ban motsa ba sai da muka shiga tasha. Hanyar ce ba kyau, in na tashe shi sai ya dame ni da ƙorafin ƙugu.