Mahrup Yana Cikin Jirgi, Kabarinsa Yana Buɗe

Daga:
Sahdan Rumawi,
Malamin Aji Huɗu, Makarantar Firamare ta Dasan Jurit,
Lombok ta Gabas.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Ofishin Kula da Ma'aikatan Jiragen Ruwa na Lardi,
Mataram.

Alhamis, 30 ga Janairu, 2025.

GAME DA: ƘORAFI KAN KAMFANIN JANGKAR LIMA PUTRA, DA ROƘON A SAUKE GAWAR MAHRUP DAGA JIRGIN MARISELA RANAR 5 GA FABRAIRU

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ni ne mai suna a sama, shekarata talatin da ɗaya ina koyarwa. Ina rubutowa ne a madadin yayata, wadda kowa a ƙauyenmu ke kira Inaq Mahrup, wato uwar Mahrup, da sunan ɗanta na fari kamar yadda aka saba. Ba ta yi makaranta ba, amma na karanta mata duk abin da ke nan, ta kuma dangwala yatsanta a ƙasa.

Marigayin da nake magana a kansa shi ne wannan ɗa nata, Mahrup, mai shekara ashirin da tara, ma'aikacin ɗakin girki a jirgin yawon shaƙatawa mai suna Marisela. Kamfanin Jangkar Lima Putra ne ya ɗauke shi aiki. Ni kawunsa ne. Ni na koya masa karatu, ni na cike masa takardun neman aikin shekara huɗu da suka wuce, kuma lambar wayata ce ke gurbin wanda za a kira idan wani abu ya faru. Yau kwanansa goma sha takwas da rasuwa, ba a yi masa wanka ba, ba a sa shi a ƙasa ba. Ga yadda abin ya kasance, bi da bi.

1. Ranar Litinin, 13 ga Janairu, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, ina cikin aji, wakilin kamfanin, Pak Hendrawan, ya kira ni. Ya shaida mini cewa ranar Lahadi iska mai ƙarfi ta tarar da jirgin tsakanin Surabaya da Bali, teku ta hargitse, wata kantar ƙarfe mai ɗauke da tukwane ta tsinke daga ɗaurinta ta bugi Mahrup a ka. Likitan jirgi ya yi iya ƙoƙarinsa, amma kwana ya ƙare. Mun karɓi hukuncin Allah, kuma ba a kan wannan muke ƙorafi ba.

2. A wannan kiran ne wakilin ya ce in zaɓi tashar da za a sauke gawar. Jirgin zai tsaya a Benoa ta Bali ranar Talata, 14 ga wata, sannan ya iso Lembar, nan tsibirinmu, ranar Laraba. Abin da ya faɗa mini, ba ƙari ba ragi, shi ne: "Malam, kwana ɗaya ne kacal tsakani, kuma har ƙofar gida za a kawo muku shi, me zai kai ku Bali?" Na shawarci mahaifiyarsa, ta ce ya sauka a ƙasarsa. Da yamma aka aiko takardar neman izini, na rubuta Lembar da hannuna, na sa hannu. Wakilin bai gaya mini cewa izinin ba ya aiki sai a tashar da aka rubuta a ciki ba. Bai kuma gaya mini cewa tun safiyar wannan Litinin ɗin kyaftin ya sanar da fasinjoji mai yiwuwa a fasa tsayawa a Lombok saboda guguwa ba. Wannan na ji shi ne daga baya. Da na sani, da kwana biyu da rasuwarsa yana hannunmu.

3. Ranar Talata aka buga gangar masallaci aka sanar da rasuwar. Mata suka yi ta shigowa da kwanonin shinkafa a ka, maza suka haƙa kabari kusa da na mahaifinsa, aka yanka likkafani, aka wanke makara. Ranar Laraba bayan sallar asuba muka kama hanyar Lembar, mu goma sha huɗu, da motar ɗaukar gawa ta masallaci. Mun isa da ƙarfe takwas ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, igiyar ruwa tana tsallake bangon tashar, an ɗaure jiragen fito duka. Mun ga jirgin da idonmu, fari, can waje, yana tashi yana faɗawa. Sama da awa biyu da rabi muna tsaye. Da ƙarfe goma da minti arba'in jirgin ya juya mana baya. Yayata ta cire mayafinta tana ɗaga masa, tana ce mini: "Sahdan, mantawa suka yi? Kira su mana, ka ce muna nan." Ina so a rubuta cewa ban ga laifin kyaftin ba. Mutum sama da dubu biyu ne a wuyansa, kuma ni ma da na ga tekun nan ban yi fatan ya shigo ba.

4. Daga nan jirgin ya wuce Ostiraliya da fasinjojinsa, da ɗanmu a ɗakin sanyi. Kamfanin ya ce ba za a sauke shi a can ba, tunda takardarsa ta Lembar ce, amma mu kwantar da hankali, jirgin zai dawo Lombok ranar 26 ga wata. Muka sake shiri. Wata guguwar ta sake tasowa daga kudu, aka sauya wa jirgin hanya, aka cire Lombok daga jerin tashoshinsa na bana gaba ɗaya. Babu wanda ya kira mu daga kamfanin. Wani abokin aikin marigayin ne, Sugiarto, ya aiko mini da saƙo daga cikin jirgin ranar 25 ga wata, bayan an riga an sake dafa abincin baƙi. Shi ne kuma ya gaya mini cewa kullum idan ya tashi aiki yakan sauka ƙasan jirgin, ya tsaya a bakin ƙofar da aka kulle ya karanta Fatiha. Shi kaɗai ke ziyartarsa.

5. Na je ofishin kamfanin a Mataram sau huɗu: ranakun 17, 21 da 23 ga wata, da kuma yau da safe. Kowane zuwa sai na bar ajina a hannun malamar aji uku, na yi tafiyar awa biyu a kan babur cikin ruwa. A zuwan farko an ce Pak Hendrawan yana taro. A na biyu an ce a bari a ga yadda iska za ta yi. A na uku ne, da na tambayi abin yi idan jirgin ya sake fasa zuwa, aka bayyana mini cewa sabon izini yana cin kwana goma sha huɗu na aiki, kuma ba a fara shi sai da ainihin takardar shaidar rasuwa ta likitan jirgi. Na tambayi inda takardar take, aka ce tana cikin jirgi, ba a bayar da ita sai tare da gawa. Na roƙi a sake mini bayanin a hankali, domin ina zaton ni ne ban gane ba. Aka sake, kuma haka yake: ba a sauke gawa sai da izini, ba a ba da izini sai da takardar da ke tare da gawa. Ina nan tsaye, wani matashin ma'aikaci ya ce: "Haba Malam, ai yana cikin sanyi, ba abin da zai same shi, ya ma fi mu hutawa." Wasu suka yi dariya. Matashin sa'an Mahrup ne, kuma na lura bai san nauyin abin da ya faɗa ba. Ba na neman a hukunta shi, shi ya sa ban rubuta sunansa ba.

6. Sugiarto ya turo mini hoton wasiƙar da aka zura wa kowane fasinja ta ƙarƙashin ƙofa ranar 15 ga wata. An ba su haƙuri da kalmomi masu daɗi kan rashin ganin gaɓar tekun Lombok, an kuma gayyace su walima kyauta. Ban yi musu baƙin ciki ba, baƙi ne, sun taho daga nesa. Ina dai sanar da ofishinka cewa har zuwa yau mahaifiyar Mahrup ba ta sami layi ɗaya a rubuce daga kamfanin ba.

7. Ina neman afuwa idan wannan sashe ya fita daga tsarin takardar ofis, amma ban san inda zan sa shi ba. Kabarin yana buɗe tun 14 ga wata, a tsakiyar damina. Sau biyar yana cika da ruwa muna kwashewa da bokiti. Sau biyu gefensa yana rushewa ana sake gyara lahadu. Mun rufa masa tamfol da ganyen kwakwa, iska tana ɗagewa. Addu'ar kwana uku, da ta bakwai, da ta tara da ake tara dangi, duk ba a yi ko ɗaya ba, domin yayata ta ce ba za a ƙirga wa ɗanta kwanaki yana kan ruwa ba. Shinkafar ta'aziyya tana nan a buhu ta fara fumfuna. Kullum da hantsi takan ɗauki lema ta je ta zauna a bakin ramin. Abinci sai an matsa mata take cin loma biyu, ƙafafunta sun kumbura, kuma duk wanda ya kira ta, ko don ya miƙa mata ruwa, sai ya ambaci sunan yaron, tunda ba ta da wani sunan a bakin mutane shekara ashirin da tara.

Babban malamin ƙauyenmu ya ba da shawarar a yi masa sallar ga'ib. Ta ƙi, ta ce wannan ta wanda ba a sa ran dawowarsa ce. Ranar Juma'a, 24 ga wata, maza suka yi ta a masallaci ba da saninta ba, ina sahun farko. Sai ɗazu, da nake karanta mata wannan takarda, ta ji. Na ce zan cire layin. Ta ce in bar shi, Mai Girma ya san inda abin ya kai mu.

Dattawa kuma sun taru sun ce ba a barin kabari buɗe haka, mutane sun fara tsorata, mata ba sa bin ta wannan hanyar zuwa gona. Sun ba mu zuwa Juma'a, 7 ga Fabrairu. Idan gawa ba ta zo ba, za a sa kututturen ayaba a ciki a madadinsa a mayar da ƙasa. Ba mugunta ce ta sa su ba, su ne suka yi haƙar, su ne suke kwashe ruwan. Amma ni ne zan riƙe yayata a ranar, kuma ban ga yadda za ta tashi daga wurin da ƙafafunta ba.

8. Bisa jadawalin da ke manne a ofishin kamfanin, jirgin Marisela zai tsaya a Benoa ranar Laraba, 5 ga Fabrairu, daga ƙarfe bakwai na safe zuwa biyar na yamma. Wannan ita ce tsayawarsa ta ƙarshe a ƙasar nan. Daga can zai wuce Singapo, ya nufi Turai, ba zai dawo tekunmu ba sai Nuwamba. Yau Pak Hendrawan ya ce idan an rasa wannan rana, za a duba yiwuwar turo gawar ta jirgin sama daga Turai, nan da wata ɗaya ko biyu. Tsakanin yau da Laraba kwanakin aiki uku ne suka rage: gobe Juma'a, sai Litinin, sai Talata.

Saboda haka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, ina roƙon Mai Girma:

(a) Ya ba da umarni a gyara izinin da ke akwai, a mayar da tashar saukewa Benoa maimakon Lembar, ba tare da an jira kwana goma sha huɗu ba.

(b) Ya amince a karɓi hoton takardar likitan jirgi a yanzu, a miƙa ainihinta a bakin tasha ranar Laraba.

(c) Ya umarci kamfanin ya sanar da kyaftin a rubuce kafin Talata, a kuma ba ni kwafi a hannuna, domin maganar baki ta ishe mu.

Sauran duk mun ɗauka. Motar masallaci za ta tsallaka Bali tun Talata idan jiragen fito suna tafiya. Idan teku ta hana mu dawowa da shi, akwai 'yan uwa Musulmi kusa da tashar da suka yarda su yi masa wanka su sallace shi a ranar, yayata ma ta yarda, ta ce ko ina ne, in dai ƙasa ce.

Ranka ya daɗe, idan akwai kuskure a takardar nan, nawa ne, ni na rubuta Lembar. Shekara talatin da ɗaya ina gaya wa yara cewa wanda ya yi kuskure kada ya yaga shafi, ya ja layi ɗaya a kan kalmar, ya rubuta daidai a samanta, malam ya sa hannu a gefe. Ni ba ni da ikon jan wannan layin. Kai kana da shi. Zan kasance a bencin da ke gaban ofishinka gobe daga ƙarfe bakwai da rabi, da farar riga da jakar takardu, ba zan dami kowa ba, zan jira har a tashi. Litinin ma haka, Talata ma haka.

Na haɗa da kwafin izinin farko, da kwafin katin aikin marigayin, da hoton jadawalin jirgin, da hoton kabarin kamar yadda yake jiya da safe.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya, ya sa hannunsa ya zama sanadin rufa wa bawansa asiri.

Naka mai biyayya,

Sahdan Rumawi
(sa hannu)

Inaq Mahrup, mahaifiyar marigayin
(dangwalen babban yatsan dama)