Kwat ɗina a bayan ƙofa

Litinin, 4 ga Nuwamba, Amasya

An sallamo 'yata Nurdan daga asibiti da 'yar jaririyarta. Na zama kaka. Mijinta Erkan yana hanyar Jamus da babbar mota, don haka a gidana za ta yi jego. Da uwarta na raye...

Yaya Zekiye, yayar marigayiyar, ta iso kafin na cire takalmi. Ta ɗaura wa Nurdan jan ƙyalle a ka, ta cusa almakashi ƙarƙashin matashi, sannan ta miƙo hannu: "Malam mai littattafai, tuɓe kwat ɗin nan." Wai Jar Mace, aljanar da ke danne masu jego, tana tsoron rigar namiji. Ta rataye shi a ƙusar bayan ƙofa. Shekara talatin ina sayar da littattafan kimiyya, yau kwat ɗina ya samu aikin gadi.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Sanyi. Na tafi shago da suwaita biyu, kamar albasa.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Ban taɓa ganin tsari irin na matan benen nan ba. Ba shugaba, ba taro, amma ko kiftawar ido ba a barin Nurdan ita kaɗai. Wannan na ɗaura ɗankwali za ta fita, waccan na ƙwanƙwasa ƙofa da tukunyar romo. Har matar mahauci, da ba ta gaishe ni tun rigimar famfo. Gidan duk ƙamshin kirfa da kanumfari, jan abin shan masu jego na tafasa. Ni dai an ce in sha in matsa.

Yanayin Nurdan ne bai min ba. Tana shayarwa tana kallon bango, ana gamawa ta miƙa yarinyar kamar kayan aro.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Na kai Nurdan wurin likita. Abin yana da suna, ciwon damuwa na bayan haihuwa, yana da magani, an ba mu. Likitar ta ƙara da cewa kada a bar ta ita kaɗai. Yaya Zekiye ta harare ni: "To, sai da ka hau tasi aka faɗa maka?"

Talata, 26 ga Nuwamba

Rasuwa a unguwa, matan duk sun tafi gaisuwa, aka bar min zama da Nurdan. Da la'asar na tashi zan sayo burodi, nan ƙasan bene.

"Baba, kar ka fita."

Ta ce in ɗakin ya yi shiru wani abu ne ke hawa ƙirjinta, yana ce mata yarinyar za ta fi jin daɗi ba ita. Na sauko da kwat ɗin na lulluɓa mata. Ta cusa hanci a wuyansa. "Warin taba da tsohuwar takarda. Mama ta gaji da yi maka faɗa." Ta yi dariya, ta yi kuka mai yawa. Can ta ce, "Miƙo min yarinyar." Ba lokacin nono ba ne.

Ba mu ci burodi ba yau.

Asabar, 7 ga Disamba

Na ji Nurdan tana yi wa yarinyar waƙa. Na tsaya a matakala da ledar cefane har hannuna ya mutu.

Litinin, 9 ga Disamba

Erkan ya dawo. Yaya Zekiye ta miƙo min kwat ɗina: "Ga kayanka, mai gadi. Maigidanta ya zo, ka huta da rawar ɗari."

Na karɓa. Arba'in ɗin dai sai Alhamis. Da suka shiga kicin na mayar da shi kan ƙusar. Ba wai na yarda da wata Jar Mace ba. Na saba da suwaita biyun ne kawai.