Akwatin Littattafan Baba

Safana, ranar Talata.

Zuwa ga Yaya Shafa'atu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya mutanen Batsari? Mu nan lafiya lau, sai idon Baba da kullum ƙara dushewa yake. Sabis ya ɗauke, shi ya sa na ba Sammani direba wannan takarda.

Tare da ita za ki ga akwatin ƙarfen Baba. Shi ya ce a kai miki, wai ke ce mai karatu a 'ya'yansa.

Yaya, zan faɗa miki gaskiya, abin ya ci mini rai. Kin tuna zauren gidanmu na Runka? Ke yake zaunarwa kusa da shi, yana bin baƙaƙe da yatsa kina maimaitawa. Ni kuwa sai a ce in je in taya Inna surfe. Nakan dawo in tsuguna a gabanku kamar ina wasa da tsakuwa, alhali littafin nake kallo. Da haka na iya karatu, a juye, kai ƙasa. Har na shiga aji biyu malamarmu tana juya mini littafi, yara suna dariya.

Ranar da muka baro Runka saboda 'yan bindiga, ni na rungumo akwatin nan a bayan babur, na bar kayan sawata. Shekara huɗu ke nan ni nake yi masa karatu kullum bayan la'asar. Da na kai ƙarshen shafi sai ya ce Shafa'atu da ta karanta wurin nan har tsigar jiki ke tashi. Ba na ƙin ki, Allah ya sani. Amma na yi kuka wajen ɗaure akwatin.

Ki gaishe da kowa. Ƙanwarki,
Khaula.

Safana, ranar Lahadi.

Yaya Shafa'atu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, Sammani ya dawo mini da akwatin da takardarki. Na karanta inda kika ce rabonki da buɗe littafi tun da kika haifi Yasir, kuma tun can ma don ki faranta wa Baba kike yi. Kin roƙe ni kada in faɗa masa.

Ba zan ɓoye miki ba, daɗi na ji. Na nufi ɗakinsa da takardar a hannu, da niyyar karanta masa ita tsaf. Kafin in zauna ya tambaya ko saƙo ya isa. Ya ce yanzu hankalinsa ya kwanta, ko yau ya cika littattafansa suna hannun mai son su. Fuskarsa ta washe irin yadda ban gani ba tun barinmu gida. Sai na ji bakina ya ce masa kin karɓa, har kin fara.

Akwatin yana ƙarƙashin gadona. Yanzu kullum sai ya tambayi inda kika kai, ni kuma in ba shi labarin abin da na karanta da sunanki, ya yi ta sa miki albarka ina cewa amin. Har yanzu yana mini zafi, ba zan yi ƙarya ba.

Ki sani, a makon nan kin gama littafin hikayoyi mai jan bango, kuma labarin maƙeri ya fi burge ki. Na rubuta miki shi a taƙaice a bayan takardar nan. Ki haddace kafin ki zo ranar Juma'a, don zai tambaye ki.

Allah ya kawo ki lafiya. Taki,
Khaula Maude.