Kusurwar Ƙofar Gabas

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa irin ta ƙane ga yayarsa, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara sauƙin ciwon gwiwar nan, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Maman yara ta warke sarai, har ta koma kan ɗinkinta da faɗanta. Autarmu ta ci jarrabawa, yanzu ba mai magana a gidan sai ta gyara masa. Baba kuma jiki da sauƙi, yana cin abinci, yana fita ƙofar gida da sandarsa da hantsi. Idon ne dai kamar yadda kika bar shi, haske da duhu kawai yake bambancewa.

Na san za ki ce me ya kawo takarda alhali ga waya. Sau uku ina ɗaukar wayar ina ajiyewa, domin na san halinki, kafin in kai tsakiyar magana kin katse ni da cewa ai dama kin faɗa mini. To, kin faɗa ɗin, sai ki daure ki karanta har ƙarshe. An rushe babban zauren wasanni ranar Talatar da ta wuce, za a gina shaguna a wurin. Kuma Baba ya san komai game da katakon daɓen zauren.

Ke kin fi ni sanin farkon zauren, tunda a wuyan Baba kika kalli bikin buɗe shi, ni ko haihuwata ba a yi ba. Shi ya shimfiɗa daɓen katakon nan da hannunsa, yana matashin kafinta, allo ɗari biyu da arba'in, kowanne ya shige cikin ɗan'uwansa ba ƙusa ko ɗaya. Daga nan aka riƙe shi mai kula da daɓen, har sunansa ya ɓace, kowa sai Mai Katako. Kin tuna idan za a yi dambe ko mawaƙa za su zo, yadda yake kwashe allunan a jere cikin yini guda, washegari ya mayar da su don 'yan ƙwallon kwando? Kin tuna shekarar da rufi ya yi yoyo, ya kwashe bokitan gidanmu kaf, har da na wankan Inna, Allah ya jiƙanta, ta yi kwana biyu ba ta kula shi ba? Abin da na fi tunawa shi ne yawonsa na kowace safiya, ba takalmi, yana buga ƙwallo a ƙasa yana kasa kunne. Inda sautin ya canza sai ya tsaya ya ce wannan allon yana da ƙorafi.

Lokacin da na karɓe shi aikin, zauren ya riga ya fara tsufa. Manyan wasanni sun koma sabon filin bayan gari, mu sai taron 'yan kasuwa da jarrabawar ɗaukar aiki. An daina kwashe katakon, sai a shimfiɗa tamfol a kai don ya fi sauri. Baba ya sha cewa in zo ya nuna mini yadda ake kwance shi, ni kuwa kullum sai in ce wata rana. Ina ganin abu ne da ba za a sake buƙata ba, kuma gaskiya na gaji da a ce mini ɗan Mai Katako, kamar ni ba ni da kai.

Shekara shida da suka wuce, kin sani, shugabanni suka ce a cire katakon a zuba siminti, suka ba ni kwana uku. Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne yadda aka cire shi. Na zagaya daɓen nan ya fi sau goma ina neman inda ake farawa, ban samu ba. Tsakanina da Baba tafiyar minti ashirin ce, amma girman kai ya hana ni zuwa in ce ban iya ba. Na yaudari kaina da cewa tausayinsa nake ji, kada zuciyarsa ta karye. Sai na sa aka kawo ƙarafa da guduma aka ɓamɓare shi. Ko allo goma ba su fita lafiya ba, sauran masu gidan burodi suka kwashe suka hura wuta.

Da na koma gida ran nan, Baba ya tambaye ni abin da yake tambayata kullum tun da ya bar aiki, wai na duba kusurwar ƙofar gabas kuwa. Na ce na duba, lafiya lau take. Daga nan fa ƙarya ta samu wurin zama. Kowace yamma in na zauna kusa da tabarmarsa sai ya tambaya, ni kuma in tsara masa labari. Yau in ce ta ɗan yi danshi na goge, gobe in ce na shafa mata mai. Har gardama muke yi a kan yawan man da ya kamata a shafa wa katakon da ya daɗe da zama toka. Kin ce in gaya masa gaskiya, na ce miki ke kina nesa, ba ki san yadda jikinsa yake ba. Na hana yara da maƙwabta su yi zancen a gabansa, ina ganin ni ne mai dabara.

Makon jiya ya ji a rediyo cewa za a rushe zauren. Da safe ya sa aka ɗauko masa wankakkiyar rigarsa, ya ce in kai shi. Na kawo uzuri iri-iri, na ce akwai ƙura, na ce an kulle ƙofa, ya ce to Autarmu ta riƙe masa sanda su tafi a ƙafa. Dole na kai shi. An riga an cire kujeru da fitilu, sai tattabaru a sama. A bakin ƙofa ya tuɓe takalmansa kamar yadda ya saba, ya taka simintin nan da tafin ƙafarsa. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya, amma ko gezau bai yi ba. Ya saki hannuna, ya riƙa ƙirga taku shi kaɗai har kusurwar ƙofar gabas, ya ƙwanƙwasa ƙasa da sandarsa. Ya ce nan ne mabuɗin, allo ɗaya ne gajere, in ka zare shi sauran su biyo ka ɗaya bayan ɗaya.

Yaya, na fara kame-kame zan yi bayani, ya ce in bari. Ya ce ya sani tun makon farko, domin shekara arba'in yana shigowa gida da ƙamshin man katako a rigarsa, ni ma haka nake shigowa, sai rana ɗaya ƙamshin ya ɗauke. Na ce to me ya sa ya ci gaba da tambayata. Ya yi 'yar dariya ya ce in bai tambaya ba, me zai zaunar da ni kusa da shi, tunda ni ba gwanin hira ba ne, gaisuwa ce kawai in tashi. Ya ce ƙaryar ba ta dame shi ba, har ma na fi iya kula da katakon a baki fiye da yadda na kula da shi a hannu. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, da na kira shi ranar, ko ba ya gani zai kwance daɓen ba tare da an fasa allo ɗaya ba, a kai wa wata makaranta yara su yi shekara talatin suna wasa a kai. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yau kwana tara ke nan. Ba ya fushi da ni, yana amsa gaisuwata, yana sa mini albarka. Amma ya daina tambayar. Ina zuwa in zauna kusa da tabarmar, in tambayi jiki, ya ce da sauƙi, sai mu yi shiru muna jin rediyon maƙwabta. Jiya na ji ya gyara murya kamar zai fara, har ya ce kusurwar, sai ya haɗiye sauran ya ce in miƙo masa ruwa. Na yi nadamar katakon, na yi nadamar ƙaryar, amma wallahi shirun nan ya fi su ci mini rai. Shekarata hamsin da biyu, sai yanzu na gane ban san yadda zan yi hira da mahaifina ba in ba a kan daɓen nan ba.

Shi ya sa na rubuto miki. Ke ce mai bakin gidanmu, ke kika san shi tun yana da ƙarfinsa. Ki rubuto mini abubuwan da kike tunawa, ko na bokitan Inna ne, ko na ranar buɗe zauren, in samu abin da zan riƙa tambayarsa. Kada ki jinkirta kamar yadda na yi, domin wata rana ɗin nan tawa ita ta kai ni inda nake.

Ki gaishe mini da maigidan da kyau, da babban ɗanki mai gardamar ƙwallo, da 'yan biyu, da takwarar Inna. Maman yara tana gaishe ki, Autarmu ta ce a tuna miki alkawarin jakarta. Baba ma ya ce a gaishe ki. Da na ce masa takarda nake rubuta miki, ya ce in gaya miki kada ki yi mini faɗa da yawa, wai na riga na sha.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Ɗan Mai Katako