Famfon Gidanmu Ya Hana Ni Ɗauko Uwata

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan da harkar wutar lantarki ke hannunsa a jiharmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, iyali ma lafiya. Ya aiki, ya kuma damina? Sunana Hajara, ɗinki nake yi a Jos Jarawa, a gidan haya nake zaune da yarana. Tunda nake ban taɓa rubuta wa hukuma ko layi ɗaya ba, to amma ruwa ba ya tsami banza. Ina so in ɗauko mahaifiyata daga Bukuru ta dawo wurina, famfon gidanmu ya hana.

Na farko, ranka ya daɗe, famfon nan wutar lantarki ce a jikinsa, yana jan mutane. Da zarar an kunna injin da ke ɗago ruwa daga rijiya, duk wanda ya taɓa kan famfon sai ya yi rawar da bai shirya ba, balle in an yi ruwan sama ƙasa ta jiƙe. Mu 'yan gida har mun ƙware. Silifas na roba a ƙafa, busasshen tsumma a hannu, sannan bisimilla. Baƙo kuwa kafin a ce masa sannu da zuwa an riga an ce masa kada ya taɓa famfo. Maƙwabciyata Mama Ngozi, mai shagon kayan masarufi a ƙofar gida, cewa take yi famfon ne oga a gidan, mu duka yaransa ne. Dariya muke yi, ba na ɓoye maka.

Na biyu, ranar da dariyar ta ƙare. Inna, mahaifiyar tawa, ta zo mana yini. Tsohuwa ce, idonta ya yi rauni, ga hawan jini, kuma ita a duniya ba ta yarda da alwala da takalmi ba. Ina kan keke ina ƙarasa wata riga sai na ji buta ta faɗi. Na fito na tarar da ita zaune dirshan a ƙasa tana salati. Allah ya tsare, ba ta karye ba. Da ta dawo hayyacinta ta ɗaura ɗankwalinta, ta ce a raka ta tasha. Wai gara ta mutu a ɗakinta da a ce an tsince ta a bakin famfo da buta a hannu. Wallahi ranar na yi kuka.

Na uku shi ne abin da ya sa na ɗauki biro. Mun kira Malam Sale, wani dattijo mai aikin wayarin, ya duba. Ya ce kowane gida ya kamata ya kasance da wayar ƙasa, wadda ake ɗaurawa a jikin dogon ƙarfe a binne shi can ciki, a zuba gawayi da gishiri, don in wuta ta ɓalle ta bi ta nan maimakon ta bi ta jikin mutum. Ya bi tamu wayar har bayan gida, ya tona. Bai yi taƙi ɗaya ba ya ci karo da dutse. Ka san ƙasar Jos, ba sai na gaya maka ba. Ashe wanda ya yi aikin tun farko da ya ji dutse sai ya haƙura, ya naɗa wayar a jikin ƙusa, ya kwantar da ita a kan dutsen. Gawayi kuwa ya zuba, gishiri ma bai yi rowa ba, ƙarfen ne kawai babu. Mama Ngozi ta leƙa ramin ta ce ai wannan miya aka haɗa ba nama.

Malam Sale ya ce gidaje irin haka da ya tona ba su ƙirguwa. Kowa ya haddace gawayi da gishiri, an manta dalilinsu. Abin ya ba ni haushi ƙwarai. Kakana diga ya riƙe a ramin kuza, dutsen nan shi suka fasa suka ci abinci, yau a ce jikokinsu sun kasa binne ƙarfe guda.

Muka je wa mai gidan da maganar, har muka ce mun ɗauki nauyin aikin. Ya ce ba mai fasa masa simintin tsakar gida, kuma ba mai taɓa masa bango. Sannan ya tambaye mu, "Wace doka ce ta ce sai na yi?" Ni kuwa ba ni da takardar da zan nuna masa. In ka ce in tashi, ina za ni? Mutum ɗaya ne ya yi wayarin ɗin layinmu kusan gaba ɗaya, kuma masu kawo mini ɗinki nan suka san ni.

Na ji a rediyo ana cewa akwai ƙa'idojin aikin wuta a rubuce. To, ba su iso layinmu ba tukuna. Saboda haka ga roƙona. Gwamnatin jiha ta rungumi ƙa'idojin nan ta mayar da su doka mai haƙora. Kada a ja wa sabon gini wuta sai ma'aikaci ya zo ya gwada wayar ƙasa da na'ura, ba ya tsaya daga bakin ƙofa ya ga gawayi ya sa hannu ba. A wajabta makunnin nan da ke yanke wuta da kansa in ta ɓalle. A koya wa masu wayarin abin da za su yi in sun tarar da dutse, tunda dutse ba zai tashi daga Jos ba. Tsofaffin gidajen haya kuma a ba mu inda za mu kai ƙara. A buga dokar da Hausa da Turanci a takarda ɗaya, wadda zan iya ninkewa in kai wa mai gidanmu da hannu biyu, cikin ladabi.

Yanzu kullum sai na rufe keke na hau motar Bukuru don in ga ta sha magani. Ba gajiyar ce ke damuna ba. Ita kaɗai take kwana, kuma shekaru ba sa jiran sa hannun kowa.

Allah ya taya ka riƙo, ya sa ka gama lafiya. In mahaifiyarka na raye, Allah ya ja kwananta, in ta rasu, Allah ya haskaka kabarinta. Tawa tana raye, ranka ya daɗe, kuma so nake sauran kwanakinta su ƙare a ɗakina.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Hajara mai ɗinki, Jos Jarawa.