Ƙarfina Goma Sha Shida, a Takarda

Zuwaira tawa, Maman Mutmainna, sanyin ruwan randa da tsakar rana, sabuwar doya mai fashewa a tukunya, lemon Binuwai da ba ya neman sukari, inuwar da na fake a ƙarƙashinta shekara ashirin da takwas, ina gaishe ki gaisuwar wanda yake ruf da ciki. Ba ladabi ne ya kwantar da ni ba, bayana ne. In kin ga rubutun yana hawa yana sauka kamar hanyar unguwarmu da damina, rabin laifin na ajin biyu na sakandare ne inda karatuna ya tsaya, rabin kuma na tabarma.

Bari ki ji labarin daga bakina kafin 'yarki ta sa masa gishiri. Ranar Talata na sayo siminti buhu biyu. Mai keke ya sauke su a ƙofar gida, ya ce zai shigar mini da su ɗaya bayan ɗaya. Na ce ya ɗora mini duka biyun a kafaɗa. Ya dube ni, ya dubi furfurata, ya ce Baba a yi haka? Na ce a yi. Ni Ɗanladi mai faci, mai shekara hamsin da bakwai, na yi taku uku kamar sarkin yaƙi. A na huɗu wani abu ya ce ƙas a ƙuguna, siminti ya yi gabas, ni na yi yamma, kajinki suka taru suna kallo. An duba ni a asibiti, an ce ƙashi bai karye ba, girman kai ne kawai ya tsage, in kwanta mako biyu.

Za ki ce me ya kai ni? Wasa ne, hasken idona, wasa. Tun da kika tare a Azuba gidan Mutmainna, gidan nan na Bukan Sidi ya yi mini faɗi. Malam Terkimbi maƙwabcinmu, mai koyar da lissafin nan, ya leƙo wata Asabar da la'asar ya same ni ina yi wa kaji hira, sai ya ja ni gindin mangwaronsa. Kar ki ɗaure fuska, ba caca ba ce, ko kwabo ba a ajiyewa. Tatsuniya ce da ake yi da baki da yawa. Shi yake jan labarin, kowannenmu yana da mutum ɗaya a ciki wanda aka rubuta halinsa a takarda, in za ka yi abu mai wuya sai ka jefa dayis irin na ludo ya yanke hukunci. Aper mai doya, dattijon cocinsu guda, shi ne boka a ciki, kuma ya roƙe mu kar matarsa ta ji. Ni jarumi ne mai gatari. Don ƙarancin wayo na sa masa sunana.

Ƙarfin mutum ma da dayis ake samunsa. Uku ake jefawa a haɗa. Goma shi ne ƙarfin kowa da kowa, sha takwas na wanda ba a ja da shi. Ni na jefa, sha shida ta fito! Malam ya ce a lissafin wasan kowace lamba kusan kilo bakwai ce, wato Ɗanladin takarda zai ɗauki fiye da kilo ɗari ya yi ta tafiya yana fito. Ban gama makaranta ba, amma na san buhun siminti kilo hamsin ne. Asabar uku ana ce mini mai sha shida, ina ɓalle ƙofofin ƙarfe, ina ɗage dutse daga kan Aper. To mutumin da matarsa ba ta kusa ta ce masa zauna, me zai hana shi yarda?

Amma ban faɗa miki aikin simintin ba. Dakalin ƙofar ɗakinki nake so in fasa, in mayar da shi gangare mai laushi, don ƙafarki ta hagu kar ta riƙa tuntuɓe. Na kuma sa an kafa bututun ƙarfe a bangon banɗaki, wurin riƙewa. Ina cikin wannan shirin saƙonki ya iso ta bakin Mutmainna: wai ba za ki dawo ba sai ranar da za ki ɗauki bokitin wankanki da kanki, wai kin zama kaya, in bar ki inda kike. Wata huɗu ke nan tun da hawan jini ya taɓa miki ɓarin jiki, kuma duk zuwan da na yi sai ki juya wa bango fuska, ki ja mayafi ki rufe baki. Ina zaune ina yi wa ƙeyarki labari. Zuwaira, ƙeyar ma kyakkyawa ce, amma ba ita kaɗai na aura ba.

Kwanciyar nan ta ba ni lokaci, sai na ari takardar Malam na shiga awon mutane. 'Yan dakon injin shinkafa masu saɓa babban buhu su hau katako da shi, na ba su sha huɗu, wasu sha biyar, amma je ki gan su in sun kai hamsin, tafiya suke kamar masu neman allura a ƙasa. Ni da nake ganiyata, ina mirgina tayar tirela ni kaɗai, ban wuce sha biyu ba ko da son kai. Yau kuwa buta ma sai na yi mata shawara kafin in ɗaga. Uku nake, ƙarshen ƙasa, daga ni sai jariri.

Sai na zo kanki. Kin tuna shekarar da tayar babbar mota ta fashe a hannuna, ƙarfen ya karya mini cinya? Kina shayar da ɗanmu Luqman lokacin. Wata bakwai ban taka ƙasa ba. Safe da yamma kike durƙusawa a bakin gado, in rataya hannu a wuyanki, ki goya ni kamar ɗanki har bayan gida, ki jira, ki dawo da ni, sannan ki tafi turara shinkafar mutane a gaban wuta don mu ci. Nauyina lokacin kilo sittin da biyar. Na raba da bakwai, na sake rabawa don ban yarda da kaina ba, tara da ɗoriya ta fito. Wato a wurin takardar nan ko ƙarfin kowa da kowa ba ki kai ba! Na yi dariya har bayana ya tuna mini da kansa. Takardar tana tambayar nawa ka ɗaga, ba ta tambayar sau nawa. Ba ta tambayar ko ka karya kumallo, ko akwai jariri yana kuka a ɗaki, ko wanda ka goya ɗin yana yi maka masifa a kunne don kunya ta ishe shi.

Akwai wata safiya da aka kwana ana ruwa. Kin goyo ni, santsi ya kwashe ki a gindin gwanda, muka zube tare a cikin taɓo. Na yi tsammanin kuka za ki yi. Sai kika kwanta nan kina dariya, zaninki duk laka, kika ce daga yau an rage mini tuwo. A ranar na ce ki sa a kai ni ƙauye wurin 'yan'uwana, na gaji da zama miki kaya. Kalmar da na faɗa ke nan, kaya. Kin tuna amsar da kika ba ni? Kika ce in rufe baki kar ƙuda ya shiga. To, Hajiyata, da ladabi da biyayya, ina mayar miki da amsarki.

Wa ya ce miki bokiti na aura? Wa ya ce miki ƙarfin hannunki nake kewa? Ina kewar tarin da kike yi kafin ki yi mini faɗa. Ina kewar yadda kike kiran sunana kashi biyu in na yi laifi, Ɗan, ki numfasa, ladi. Bakin nan da kike ɓoyewa, ai ko wata ba kullum yake cika ba, kuma ban taɓa jin wanda ya yi fushi da shi don ya fito a karkace ba. Ke ce ruwan farko da ke tayar da ƙanshin ƙasa, ke ce furen riɗi da safe. In hannu ɗaya ya ƙi tashi, ina da biyu, ba aikin kirki suke yi ba tun da kika tafi. Mutmainna 'yar albarka ce, mijinta ma bai taɓa nuna gajiya ba, amma tana da goyo, tana da aiki, kuma ba ita ta hau bayanki wata bakwai da gemu a fuskarta ba.

Ba zan yi miki ƙarya ba, goyo ya fi ƙarfina yanzu, siminti ya riga ya ba da shaida. Amma zan ɗauki bokiti, rabi rabi in ya cika. Zan zuba miki ruwa, in ɗaura miki zani ko da a karkace, in murza miki yatsun nan da man zafi yadda ma'aikaciyar asibiti ta nuna, in kai ki gashi asibiti ranar Litinin da Alhamis. Abincina ba daɗi, wannan kam sai haƙuri, ki zauna a kujera ki ba da umarni, ni in yi ta ɓatawa.

Bashi ne a wuyana, Zuwaira, na wata bakwai, safe da yamma, kuma ban biya ko yini ɗaya ba. A duk garin Lafiya ban taɓa jin inda mai bin bashi yake ɓuya, wanda ake bi yana yawo yana nemansa ba, sai a gidana. Shekaruna sun ja, kar ki bar ni in je gaban Allah da shi. Aper ya ce zai ba da motarsa ranar Lahadi ta sama in sun taso daga coci. Zan zo a gidan gaba, da matashin kai tokare a bayana. In kin ce ba ki shirya ba, zan koma, in sake zuwa wata Lahadin, da wadda ke bin ta, har ki gaji ki karɓi abinki.

Naki tun da ƙarfinsa, naki yanzu da babu, naki har ranar da za a ɗauke shi mutum huɗu,

Ɗanladi