Ƙorafi Kan Tsare Kwalayen Wasan Ayarin Goro da Sunan Bincike

Daga:
Alhaji Rafi'u Sulemana,
Shagon Goro da Ajiyar Kaya,
Layin Rijiya, Aboabo,
Kumasi.

Litinin, 16 ga Yuni, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Alhaji Umoru Issaka,
Shugaban Majalisar Dattawan Layin Rijiya,
Aboabo, Kumasi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: TSARE KWALAYEN WASAN AYARIN GORO DA KWAMITIN TARBIYYA YA YI, DA BINCIKEN DA YA ƘI ƘAREWA

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta girma, da fatan an yi Babbar Sallah lafiya kuma naman layya ya zauna wa kowa lafiya, ina neman izinin gabatar da kukana a rubuce. Na san ƙofar gidanka tana kallon shagona, na kuma san ni da kai malami ɗaya ya zane mu a makarantar allo. To amma duk lokacin da na tare ka da baki, amsar ita ce ana kan bincike, sai ka duba agogo ka yi sauri. Shi ya sa na koma ga takarda. Bokona bai yi nisa ba, a kan rasit na tasha na koye shi, saboda haka inda harafi ya karkace a yi haƙuri, maganar dai a miƙe take.

Domin takarda ta tsaya da ƙafarta, bari in faɗi asalin abin. 'Yata Ruwaida, wadda ta karanta zane a jami'a, ita da abokin aikinta Fadil suka ƙirƙiro wani wasa mai suna Ayarin Goro. A cikin kwali akwai littafi, da taswira, da katunan mutanen ayari, da ƙwayoyi irin na ludu. Mutane kan zauna su zagaye tebur, kowa ya ɗauki mutum guda ya zama shi: wani mai jakuna, wani maharbi, wani malamin ayari, wani uwar ayari mai dafa wa fatake abinci. Mutum ɗaya shi ne Madugu, shi ke riƙe littafi yana faɗin abin da ya samu ayari, sauran su faɗi dabararsu, ƙwaya ta nuna ko dabarar ta ci. Abin nema shi ne a kai goro daga Salaga zuwa Kano, a kuma gano munafukin da ke cikin ayari yana kai wa 'yan fashi labari. Madugu kaɗai ya san ko wane ne, sai an kai ƙarshe ake bayyanawa.

Kuɗin bugawa karo-karo aka yi. Na ƙasashen waje suka zuba ta intanet, na gida ta MoMo, wato kuɗin waya, da alkawarin kowa zai samu kwalinsa. Da yake mutanenmu ba sa ba intanet amana, Ruwaida ta sa ni na saka babbar rigata ta Juma'a, ta ɗauke ni bidiyo ina dafa ƙirji ina cewa duk wanda kayansa bai zo ba ya zo ya same ni. Fuskata aka saya, ranka ya daɗe, ba kwali ba.

Ga abubuwan da nake kuka a kansu:

1. Kayan sun iso shagona daga tashar jiragen ruwa ta Tema ranar Alhamis, 22 ga Mayu, 2025, da takardunsu cif. Ranar Litinin, 26 ga wata, muna cikin manna sunaye, sai ga Malam Abdul-Latif, shugaban Kwamitin Tarbiyya na Majalisarka, da aboboya biyu, baburan dakon kaya masu ƙafa uku. Ya ɗaga kwali ɗaya ya girgiza a kunnensa kamar mai sayen kwakwa. Da ya ji ƙwayoyi sun yi ƙara, ya yi salati ya ce caca ce ta shigo unguwa a cikin kwali mai hoton raƙumi. Na nuna masa cewa jaki ne. Bai saurara ba. Aka kwashe kaya kaf zuwa ɗakin ajiyar Majalisa, ba takarda, ba sa hannu, kuma masu aboboya ni suka dawo suka tsaya wa a kan kuɗin dakonsu.

2. Wasan nan ba caca ba ne. Na yi yawon duniya daga Abijan zuwa Legas, na ga caca iri-iri, na ga waɗanda ta tuɓe wa riga. Caca sai an ajiye abu an ci ko an cinye. A Ayarin Goro iyakar asarar da mutum zai yi ita ce jakin ƙarya ya faɗa kogin ƙarya. In ƙwaya ce laifin, akwai ludu a kowane gida a layin nan. In zama ne laifin, 'yan dame, wato dara, suna gindin bishiya tun kafin a haifi Ruwaida. Ba na son tsawaitawa a kan kiyos ɗin loto da ke jingine da bangon ofishin Kwamiti, wanda har inuwar rumfarsa membobi ke sha, ban kuma taɓa jin an girgiza shi a kunne ba.

3. An ce mini za a buɗe kwali ɗaya a duba, a ba ni amsa kafin Sallah. Sallah ta zo ta wuce, har ƙashin rago karnuka sun gama da shi. Ban yi wa kowa leƙen asiri ba, amma Memuna mai koko da ƙosai, wadda ke kai wa Kwamiti abinci, mace ce mai idanu, kuma shagona a kan hanyarta yake. Ta shaida mini cewa Kwamitin da a da ba ya cika ko an yi shela, yanzu yana zama kullum daga bayan La'asar, ba mai fashi, har wanda ke fama da gwiwa shi ke riga kowa. Malam Abdul-Latif ne Madugu. An ce ya sayi sabon tabarau saboda ƙananan rubutu, kuma in ya zo wurin kura yakan yi kukanta da bakinsa. Ma'ajin Majalisa, wanda ya ɗauki mai jakuna, ya yi fushi ya ƙi cin ƙosai ranar da jakinsa ya karye. Ban ce wannan ba bincike ba ne. Abin da na ce shi ne, tun watan Mayu ayarin Kwamiti bai wuce Yendi ba, nan kusa da Salaga. Kakana da ya yi tafiyar da ƙafarsa da jakuna na gaske ya fi su sauri.

4. Wannan sakin layi da nauyin baki nake rubuta shi. Ranar Laraba, 11 ga Yuni, na bi ta bayan ofishin zan je gaisuwar rasuwa, taga kuwa a buɗe. Na ji uwar ayari tana yi wa fatake faɗa da siririyar murya cewa sun cinye mata daddawa, kuma ba wanda zai ga tuwo sai an nemo mata itace. Muryar ta yi kama da wata murya da na sani shekara sittin, musamman wurin tarin da ke biyo bayan dariya. Masu tsegumi suna cewa wai har ƙyallen teburin ofis ake yafawa. Ni na ƙaryata su. Na ce Shugabanmu mutum ne mai ayyuka, in ma ya shiga ɗakin, sa ido ya kai shi. Ina nan a kan wannan magana, kuma ina fatan ba za a tilasta mini in sake tunani ba.

5. Na tambayi kaina, mai ɗanɗana miya ai cokali ɗaya ya ishe shi, me ya sa aka riƙe tukunyar duka? Kwali ɗaya ake bincike da shi, sauran ɗaruruwan me suka yi? Amsar ta zo ta bakin Ma'aji da kansa, wanda ya faɗa wa Memuna cewa in aka saki kayan, samarin unguwannin Krofrom da Oforikrom za su gama wasan cikin kwana biyu, su zo suna faɗin sunan munafuki a cikin turoturo, motocin haya, su ɓata wa manya bincike. Ranka ya daɗe, ashe ba tarbiyyar unguwa ake karewa ba. Ƙarshen labari ake karewa.

6. Ɓarnar da wannan ya jawo mini ba ƙarama ba ce. Shekara arba'in da wani abu ina saukar da baƙi da kayansu a shagon nan, daga Bawku, daga Wagadugu, daga Sakkwato, ko ƙwayar goro ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Yau yara suna kirana Alhaji Gobe-Gobe. Hajiya Lariya, wadda ka sani, na sani, duk Aboabo ta sani, ta zuba kuɗinta ne don jikokinta su bar waya su zauna wuri ɗaya. Yanzu kowace safiya takan zo da kujerarta ta zauna a ƙofar shagona, duk wanda ya zo sayen goro sai ta kunna masa bidiyona ina dafa ƙirji. Har ta haddace inda nake gyara hula.

Wannan duka zan iya shanyewa, fatata ta yi kauri. Wanda ba zan iya ba shi ne na Ruwaida. A shafin da aka yi karo-karon, mutanen waje sun fara rubuta cewa 'yar sakawa ce, wato 'yar damfarar intanet, wai dama an san Gana. Yarinyar nan shekara uku tana zanen jakuna a teburin cin abincinmu. Ta zauna gabana da na'urar ɗaukar murya tana tambayata sunan kowane zango da kowane rafi da kakana ya tsallaka. Ba ta taɓa cin ko pesuwa ta wani ba. Yanzu ta daina fitowa cin abinci da mu, uwarta kuma ni take kallo. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba, don kada takardar hukuma ta jiƙe.

7. Lokaci ya ƙure. Aika kwali ɗaya Turai ta gidan waya ya fi kwalin tsada, saboda haka tun farko shirinmu shi ne na gida su bi direbobin tasha zuwa Tamale, Wa da Nima, na waje kuma su bi hannun 'yan boga, wato 'ya'yanmu mazauna Turai da Amurka da suka zo Sallah, kowa ya cusa 'yan kwalaye tsakanin kwalaben yajin shito da busasshen kifi. Yawancinsu sun riga sun koma da jakunkuna cike da garin rogo. Wanda ya rage shi ne ɗan ƙanena Awalu na Hambug ta Jamus, wanda ya yarda ya bar doyarsa ya ɗauki kayanmu, shi da abokan tafiyarsa. Zai bar Kumasi ranar Asabar, 21 ga Yuni. In ya tashi hannu wofi, sai wata Sallar, sunan 'yata kuwa ba zai kai wata Sallar ba. Ga kuma damina, rufin ɗakin ajiyar Majalisa kuwa kowa ya san halinsa, tunda an yi karo-karon gyaransa har sau biyu. Kwali takarda ne.

Bisa ga haka, ina roƙon Mai Girma Shugaba cikin ladabi:

(a) A dawo mini da kayan shagona kafin a tafi masallaci ranar Juma'a, 20 ga Yuni, 2025, kuma wannan karon Kwamiti ya ji da masu aboboya.

(b) A ba ni takarda mai hatimin Majalisa cewa an bincika ba a samu caca ba, wadda Ruwaida za ta ɗauka hoto ta saka a shafin, Hajiya Lariya kuma a karanta mata da ƙarfi.

(c) Kwalin da aka buɗe, wanda na ji man ƙosai ya riga ya kama taswirarsa, na bar wa Kwamiti kyauta, a ci gaba da bincike har Kano.

A ƙarshe, akwai abin da ya kamata Majalisa ta sani. Labarin da ke cikin littafin nan labarin kakana ne, daga bakina Ruwaida ta ɗauke shi. Malam Abdul-Latif ba shi kaɗai ya san munafukin ayari ba. Domin a tabbata ba cika baki nake yi ba, ga ɗanɗano kyauta: jagaban da kuka ɗaure a gindin tsamiya ranar Asabar ba shi da laifi. Ku kwance bawan Allah, ku ba shi haƙuri, uwar ayari kuma ta mayar masa da rabonsa na tuwo.

Ni ba mai barazana ba ne, ba zan hau lasifika ba, ba zan tara jama'a ba. Amma in aka sauko daga Juma'a shagona na nan wayam, zan juya ga Hajiya Lariya a kan kujerarta, in faɗa mata sunan munafukin a hankali, in kuma roƙe ta don Allah kada ta faɗa wa kowa.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da nisan kwana, ya kai ayarinsa gida lafiya.

Naka mai biyayya, maƙwabcinka kuma abokin karatunka,

Alhaji Rafi'u Sulemana
(sa hannu da dangwalen yatsa, don kada a ce ba ni ba ne)

Kwafi zuwa ga:
Malam Abdul-Latif, Shugaban Kwamitin Tarbiyya, kuma Madugu.